Shawara: Yaya ya dage sai asibiti mai tauraro biyar a Indiya

Assalamu alaikum Anti. Da fatan kina lafiya, ya aiki, ya jama'a? Don Allah ki taimaka mini da shawara, kaina ya kulle.

Ummanmu ce ke fama da ciwon ƙoda. Shekarunta 58, hawan jini ne ya kai ta ga haka, yau wata bakwai ke nan ana yi mata wankin ƙoda. Likitanta ya ce dashe ne mafita, kuma cikin ikon Allah jinin autanmu mai shekara 27 ya zo ɗaya da nata, ya ce ya ba da ƙodarsa da zuciya ɗaya. Inda za a yi aikin ne ya zama rigima. Likitan ya ce ana yi a nan gida, zai iya haɗa mu da masu yi. Babban yayanmu da ke Abuja, wanda shi ke ɗauke da mafi yawan kuɗin, ya ce sam bai yarda ba. Wani mutum da ke kai marasa lafiya waje ya turo masa wani asibiti a Indiya mai tauraro 4.8 cikin biyar a Google, da hatimin wata hukumar tantance asibitoci mai suna JCI, da hotunan ɗakuna kamar na otal, har da wata takarda da ke cewa yana cikin asibitoci goma da suka fi kyau a ƙasar. Yanzu haka Yaya ya sa filinsa a kasuwa. Da na ce a tsaya a yi bincike, sai ya ce wai ƙyashin a kashe wa Umma kuɗi nake yi, ko kuma so nake a kai ta inda za a ɗauke wuta ana tsakar tiyata. Yau kwana goma ba ma magana sai ta bakin matarsa. Umma kuwa ba ta cewa komai sai “duk yadda kuka yi daidai ne.”

Anti, ni ba ƙin Indiya nake yi ba. Tsorona kada mu bi taurari mu yi da-na-sani. Shin taurarin nan abin dogaro ne? In na yi shiru wani abu ya faru, ba zan yafe wa kaina ba. In kuma na dage aka yi a gida wani abu ya faru, Yaya ba zai yafe mini ba.

Baiwar Allah, daga Kano

*

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba Umma lafiya, ya sa kaffara ne. Auta kuma Allah ya yi masa albarka, ya ba shi masu yi masa.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma layukanta na ƙarshe ne suka tsaya mini a rai. Zan dawo kansu. Bari mu fara da taurarin, don sai kin san abin da ke hannun Yaya kafin ki iya tunkararsa. Abubuwa uku aka turo masa, shi kuma ya dunƙule su ya ɗauka abu ɗaya ne, alhali ko hanya ba su haɗa ba.

Tauraron Google kowa ke bayarwa. Duk mai waya zai iya shiga ya danna biyar ko ya danna ɗaya, ba mai tambayarsa ko ya taɓa kwana a asibitin. Mu ma ɗauka duk waɗanda suka danna sun je da gaske, su wane ne? Akwai wanda aka cire wa yanar ido ya koma gida da yamma, akwai wadda ta haihu lafiya, akwai attajirin da ya je duba lafiyarsa kawai aka ba shi shayi. Duka an zuba su kwano ɗaya an fitar da 4.8. Mutum nawa ne a cikinsu aka yi wa dashen ƙoda? Ba yadda za ki gane. Sannan majinyaci abin da idonsa ya gani yake iya aunawa: fara'ar masu karɓar baƙi, sanyin ɗaki, daɗin abinci, tsawon layi. Lokacin da ake ɗinke jijiyar ƙoda yana can cikin barci. Wanda kuma aiki bai yi masa kyau ba, sau da yawa ba ya nan balle ya danna wani abu, danginsa kuma suna zaman makoki, ba ta waya suke yi ba. Duk da haka kada ki watsar da shafin. Ki tsallake masu biyar-biyar, ki gangara wurin waɗanda suka ba da ɗaya da biyu, ki karanta kukansu. In kin ga mutum goma da ba su san juna ba suna ƙorafi a kan abu ɗaya, misali kuɗin da aka faɗa musu daban wanda aka caje su ranar sallama daban, to kin tsinci abin da ya fi taurarin amfani.

Hatimin JCI shi abin gaske ne, ba zan rage masa daraja ba. Hukuma ce mai tushe a Amurka, tana tura masu bincike su yi kwanaki a cikin asibiti suna duba yadda ake tafiyar da shi, kuma duk bayan shekara uku sai an sake. Suna duba ko ana tabbatar da sunan majinyaci kafin a ba shi magani, ko ma'aikata na wanke hannu, yadda ake ajiye magunguna masu haɗari, ko ana sa alama a wurin da za a yanka don kada a yanki hagu maimakon dama, ko akwai mafita in gobara ta tashi. Indiya ma tana da tata hukumar, NABH. Asibitin da ya samu irin wannan shaida ya nuna gida ne mai tsari. Sai dai kamar takardun mota ne bayan jami'ai sun duba ta: sun ce birki na ci, fitila na kamawa, ba su ce direban ya san hanyar Kano zuwa Maiduguri da dare ba. Kuma ki lura da wani abu. Manyan asibitocin Indiya kamfanoni ne masu rassa a garuruwa da dama, shaidar kuwa reshe-reshe ake bayar da ita. Ki shiga shafin JCI na intanet da kanki, akwai jerin waɗanda suka samu, ki duba ko reshen da za a kwantar da Umma ne a ciki, ko kuwa ɗan uwansa ne da ke wani gari.

Takardar “goma da suka fi kyau” kuwa, tambaya ɗaya ce: wa ya rubuta, kuma da me ya auna? Ko a Amurka, inda wannan harka ta fi daɗewa, masu aunawar ba sa jituwa. A 2015 mujallar Health Affairs ta buga wani bincike da aka ɗauki manyan masu auna asibitoci huɗu na ƙasar aka jera sakamakonsu gefe da gefe. Ba a samu asibiti ko ɗaya da duk huɗun suka yarda yana sahun gaba ba. Cikin asibitoci 844 da ɗayansu ya ce sun yi fice, kashi 10 cikin 100 ne kacal wani na biyu ya amince. Kowa da mudunsa, wani tsaron lafiyar majinyaci yake aunawa, wani kuma har da ra'ayin likitoci a kan wane asibiti ne ya yi suna. Da gwamnatin ƙasar ta fara raba nata taurarin a 2016, asibitoci 102 ne suka samu biyar, kuma da yawa daga cikin manyan asibitocin koyarwa da duniya ta sani ba sa ciki. Suka yi ca, suna cewa ai su ake turo wa waɗanda ciwonsu ya gagara da waɗanda ba su da hali, ta yaya za a gwada su da ƙaramin asibitin da ke zaɓen majinyatansa?

Wannan kukan nasu yana da gaskiya, kuma a nan nake so ki tsaya da kyau, don ya shafi Umma kai-tsaye. Jihar New York ta fara tattara alƙaluman tiyatar jijiyoyin zuciya a 1989, tana bugawa kowa ya ga mutum nawa suka mutu a kowane asibiti, daga baya har a hannun kowane likita. Abin ya yi amfani, don daga 1989 zuwa 1992 mace-macen wannan aiki sun ragu da kashi 41 cikin 100, bayan an yi la'akari da tsananin ciwon majinyatan. Asibitocin da suka ga sunansu a ƙasa sun ji kunya sun gyara. Amma wani bincike da ya fito a 2003 ya gano ɗaya fuskar: wasu likitoci sun koma gudun waɗanda ciwonsu ya yi tsanani, don kada su ɓata musu maki. A harkar dashe ma haka ta faru, har a 2019 hukumar da ke kula da asibitocin Amurka ta janye sharaɗin da ya ɗaure sabunta izinin cibiyoyin dashe da alƙaluman nasara, saboda cibiyoyi na juya wa masu haɗari baya, ana kuma zubar da ƙodojin da za su iya amfani. Kin ga ke nan maki mai kyau yana iya nufin gwaninta, yana kuma iya nufin iya zaɓe.

Wani abin mamaki shi ne su wa ke kallon alƙaluman. A jihar Pennsylvania, wadda ita ma ke buga irin wannan rahoto, an tambayi mutum 474 da aka yi wa tiyatar zuciya, aka buga sakamakon a 1998. Kashi 12 cikin 100 ne kawai suka san da rahoton kafin a yi musu aiki, waɗanda kuma suka san makin asibitinsu har ya yi tasiri a zaɓinsu ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Tsohon shugaban Amurka Bill Clinton da kansa, a watan Satumbar 2004, an yi masa tiyatar zuciya ne a wani shahararren asibitin New York wanda rahoton jihar ya nuna mace-macensa a wannan aikin sun haura matsakaicin jihar, kuma ya tashi lafiya. Jadawalin mace-mace mai cike da lambobi ba ya jan mutane. Abin da ke jan su suna ne, da bakin likitan da suka yarda da shi, da labarin maƙwabci, da abin da ke sheƙi. Mu nan gida da ba mu da jadawalin da gwamnati ke bugawa, mudunmu gidan suna ne da majalisa da zauren WhatsApp: “ai wance can aka kai ta, ta dawo garau.” Yaya bai yi wani abin da sauran mutane ba sa yi ba. An miƙo masa abu mai lamba da hatimi a lokacin da yake neman abin riƙewa, ya riƙe.

To me ya kamata a auna? Aikin da za a yi wa Umma, a hannun waɗanda za su yi shi, da abin da zai biyo baya. Abu na farko yawan yi. Wani babban bincike da aka buga a 2002 ya nuna a tiyatar cire wani sashe na cikin ciki da ake kira pankiriyas, kusan mutum 16 cikin 100 ne ke mutuwa a asibitocin da ba su cika yin aikin ba, a waɗanda suka saba kuwa kusan 4. A dashen ƙoda tazarar ba ta kai haka ba, amma hannun da ya saba ya saba, kuma ba hannun likitan tiyata kaɗai ba, har ma'aikatan jinyar da za su gane da tsakar dare cewa fitsari ya ragu. Don haka ku rubuta wa asibitin, a rubuce nake nufi, ku tambaya dashe nawa suka yi bara a wannan reshen, wane likita ne zai yi na Umma kuma nawa ya yi da hannunsa. Sai babbar tambayar: cikin waɗanda aka yi wa, nawa ne ƙodar ke aiki bayan shekara ɗaya, nawa bayan biyar? A cibiyoyi masu kyau, in mai rai ne ya ba da ƙodar, fiye da 90 cikin 100 na aiki bayan shekara. In an ce muku “nasararmu 99 cikin 100 ce,” ku ce zuwa yaushe? In zuwa ranar sallama ake nufi, ba a faɗa muku komai ba. Baƙon da ya hau jirgi ya koma ƙasarsa bayan 'yan makonni, wa ya bi sawunsa ya ƙirga shi? Asibitin kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda kuka tambaya lamba ya turo muku hoton ɗaki, ya riga ya ba ku amsa.

Kada ki ɗauka na gida za a ɗaga wa ƙafa. Tambayoyin nan dai su za ku yi musu, har da ƙari. Dashen ƙoda ba baƙo ba ne a ƙasar nan: asibitin St. Nicholas na Legas ya fara a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya bi a 2002, yanzu kuma akwai masu yi a Abuja da wasu garuruwa. Amma tsoron Yaya ba shirme ba ne, kowa ya san halin wutarmu, kowa ya ga yajin aikin likitoci. Ku tambaya ba kunya: in an shiga yajin aiki mako guda bayan dashe, wa zai duba ta? Ɗakin tiyata da ɗakin kulawa ta musamman, da wace wuta suke aiki? Gwajin dacewar jiki tsakanin Umma da Auta, nan ake yi ko aikawa ake yi, kuma kwana nawa yake ɗauka? Likitocin gidan ne ke yin aikin, ko baƙi ne ke zuwa lokaci-lokaci su yi su tafi? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma likitan da ya san aikinsa zai fi ganin girmanku in kun tambaya.

Zan faɗa miki inda na karkata, tunda shawara kika nema. Na yi shekaru ina aikin jinya, kuma abin da ya fi ci mini rai ba waɗanda aka yi wa aiki a nan ko can ba ne, waɗanda suka dawo ne. Mutum zai sauko daga jirgi da sabuwar ƙoda, da fayil mai kauri, da ledar magani na wata uku, an yi murna an yi sadaka. Wata na huɗu magani ya ƙare, kuɗi ma sun ƙare a tikiti da masauki da canjin dala. Sai a fara raba ƙwaya biyu, yau a sha gobe a tsallake. Na ga wani magidanci, ba zan faɗi inda aka yi masa ba, da ƙodar ƙaninsa ta lalace a haka bai cika shekara ba, ya koma kan injin wanki, ga ƙanin da ƙoda ɗaya. Aikin da aka yi masa ba shi da aibu ko kaɗan. Dashe ba a gama shi a ɗakin tiyata. Jiki yana ɗaukar sabuwar ƙoda a matsayin baƙuwa yana neman korarta, shi ya sa Umma za ta sha magungunan danne garkuwar jiki, irin su tacrolimus da mycophenolate da prednisolone, muddin ƙodar na jikinta. A watannin farko kusan kowane mako sai an ɗebi jini, a duba aikin ƙodar, a duba yawan maganin a jini, don in ya yi kaɗan jiki ya kori ƙodar, in ya yi yawa shi kansa ya cutar da ita. Zazzaɓin da ke da ni za mu sha magani mu kwanta, ita sai an ruga da ita asibiti. Duk wannan a Kano za a yi shi, ko da a ina aka yi tiyatar, kuma babu tauraron da ke auna shi. Saboda haka in alƙaluman gida suka zo kusa da na can, kuma lamarin Umma ba mai sarƙaƙiya ba ne, ni gida zan zaɓa, a ajiye kuɗin filin don magani. In kuwa gwaji ya nuna jikinta na da ƙwayoyin garkuwa masu yawa da za su yaƙi ƙodar Auta, ko zuciyarta na da matsala, ko cibiyar gida ta ce jira zai yi tsawo, to babbar cibiyar da ke yin ɗaruruwa a shekara ta cancanci tafiyar, kuma Indiya na da irinsu da gaske. A nan Yaya ne zai yi gaskiya, sai ki bi shi da hannu biyu.

Ko da tafiyar za a yi, ba ta hannun mutumin nan kaɗai ba. Ban san shi ba, ban kuma ce macuci ne ba, wasunsu na sauƙaƙa wa mutane biza da masauki da tafinta. Amma ku tambaye shi a fili wa ke biyansa. Yawancin masu wannan sana'a la'ada suke karɓa daga asibitin da suka kai wa majinyaci, dillali kuwa ba ya kushe hajar da ke hannunsa. Hanyar da ta fi ita ce likitan Umma ya rubuta wa likitan can, su yi magana likita da likita, su amince tun yanzu wa zai karɓe ta in ta dawo. Ku nemi kuɗin aikin a rubuce, da abin da ke ciki da abin da ba ya ciki, musamman in kwanakin ɗakin kulawa ta musamman suka ƙaru. Ku kuma sani Indiya na da dokar dashe tun 1994, baƙi sai sun gurfana gaban kwamitin ba da izini da hujjar cewa mai bayarwa ɗan uwa ne na jini, har da takardar ofishin jakadanci. Duk wanda ya ce muku zai iya zagaye wannan, ko zai samo muku ƙoda a can, ku rabu da shi a ranar. Dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ma ta haramta cinikin sassan jiki.

Akwai wanda ban ji kowa na maganarsa a rigimar nan ba, shi ne Auta. Shi kaɗai ne zai shiga ɗakin tiyata da lafiyarsa ƙalau. Haɗarin kaɗan ne, waɗanda ke rasuwa a aikin cire ƙoda don bayarwa ba su wuce mutum 3 cikin 10,000 ba, amma yaro ne mai shekara 27 da zai rayu da ƙoda ɗaya shekaru masu yawa in Allah ya so, kuma uwarsa hawan jini ne ya kashe mata nata. Jini ya zo ɗaya mataki na farko ne kawai. Dole a bincike shi sosai, hawan jini, siga, furotin a fitsari, hoton ƙodojin biyu. Akwai wata ƙwayar halitta da ake gado mai suna APOL1, wadda wasu nau'o'inta suka yawaita a mutanen Afirka ta Yamma kuma suke ƙara haɗarin ciwon ƙoda, ku tambayi likita ko ya dace a gwada shi. Ku tambayi asibitocin biyu ko ta 'yan ƙananan huji suke cire ƙodar ko ta babban yanka, da wanda zai riƙa duba shi bayan nan. Ke kuma ki ja shi gefe, ku biyu, ki ce masa in ya ji tsoro ko ya sake tunani ba wanda zai zage shi. Yaro ba ya iya cewa a'a a gaban uwa da yayye.

Yanzu layukanki na ƙarshe. Ke da Yaya kuna ta jayayya a kan asibiti, amma kowannenku lissafin wa za a zarga yake yi. Shi yana tsoron a ce yana da hali bai fitar da uwarsa waje ba, kin san bakin mutanenmu. Tauraro biyar ɗin nan garkuwarsa ce: ko me ya faru, ya kai ta inda aka ce ya fi ko'ina. In kika je kina kushe masa Indiya, garkuwar kike fizgewa, zai ƙara ƙanƙame ta. Ki daina aika saƙo ta bakin matarsa, kina jefa baiwar Allah a tsakiya ba gaira ba dalili. Ki kira shi da kanki, ki gaishe shi yadda ya kamata, ki ba shi haƙuri ko da kina ganin ba ke ce da laifi ba, babba ne, kuma filinsa ya sa a kasuwa saboda Umma, wannan ba ƙaramin abu ba ne, ki faɗa masa kin gani. Sannan ki ce, “Yaya, na yarda mu duba Indiya. Ga wasu tambayoyi, mu tura musu, mu tura wa na gida, wanda ya fi ba mu amsa mai gamsarwa shi za mu bi.” Ki roƙe shi ya zo Kano ya zauna da likitan Umma ido da ido, ko awa ɗaya ce, ya yi masa duk tambayar wuta da yajin aikin da bakinsa. In kin san ba zai saurare ki ba, ki bi ta wurin kawunku ko wani babban da yake jin nauyi. Kuma kafin amsa ta zo ku yi alkawari a gaban wannan babban cewa duk inda aka zaɓa zaɓin kowa ne, ba na wance ko na wane ba.

Umma kuma, “duk yadda kuka yi daidai ne” kara ce irin ta iyayenmu, ba ta so a ce ta fifita wani ɗa a kan wani, ba ta kuma so ta zama nauyi. Jikinta ne, tana da abin cewa. Wataƙila tsoron jirgi take yi, ko tsoron ta cika a ƙasar da ba ta jin yarensu, wataƙila kuma ita ma hankalinta ya fi kwanciya da waje. Ba ku za ta faɗa wa ba. Ki sa ƙanwarta ko aminiyarta ta zauna da ita bayan la'asar, ba kowa a ɗakin, ta ji ta bakinta.

Filin kuwa, ki roƙi Yaya ya ɗan dakata da karɓar kuɗinsa mako biyu, kada kuma a tura wa kowa kafin alƙalami sai amsoshin sun zo a rubuce. Kafin nan kada Umma ta tsallake wanki ko sau ɗaya, don ko'ina za a yi aikin, da ƙarfin jikinta za ta shiga. In amsoshin sun iso ku kai wa likitanta ya karanta muku su tare da Yaya, sannan ki rubuto mini abin da kowane asibiti ya ce a kan shekara ɗaya da shekara biyar.